Tayar da ta ja baya: kwana uku a Tamale

A Buipe uwargida ta fara lura. Mun tsaya a gindin gadar kogin Baƙin Volta don yara su miƙe ƙafa, mu kuma sayi soyayyen kifin da matan garin ke zagayawa da shi a faranti. Ina can ina ciniki, ita tana tsaye a gefen dama na motar, ta zuba wa tayar gaba ido.

"Alhaji, zo ka ga wani abu. Wannan tayar kamar ta fi waccan matsowa kusa da ƙofa."

Na yi dariya, na ce mata ido ne kawai. Amma na zo na durƙusa, na zura yatsu tsakanin taya da bakin fenda ta wajen ƙofa. A hagu yatsu huɗu sun shige sakayau. A dama uku ne, su ma da ƙyar. Na sake gwadawa, haka dai. Kifin nan ban san ɗanɗanonsa ba.

Bari in koma baya kaɗan don mai karatu ya gane inda aka kwana. Ni mutumin Katsina ne, shekarata ashirin da ɗoriya a Kumasi ina harkar gyaɗa da man kaɗe. Motata Corolla ce ƙirar 2005, ta ci duniya, duniya ma ta ci ta. Mako guda kafin tafiyar nan, gabanta ya fara ƙwanƙwasa a duk ramin da ta faɗa. Ga bikin 'yar ƙanwar uwargida a Tamale ya matso, ga tafiyar kusan kilomita 380 da iyali. Ƙanin uwargida, wanda ke zaune a gidana, yana shekara ta uku a koyon kanikanci. Shi ya duba ya ce shokazoba biyu na gaba sun mutu, robobin lowa-am kuma sun tsage. Lowa-am shi ne ƙarfen nan mai kusurwa da ke riƙe ƙasan taya ya haɗa ta da jikin mota, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Na ce masa ni zan sayo kaya, shi ya ɗaura. Aka ɗaura, aka kai wajen alaimin, sitiyari ya miƙe, na ce alhamdu lillahi.

Tun bayan Techiman na ji motar tana jan hannuna zuwa dama. Na ɗora wa titi laifi, tunda dama ana yin kwalta da ɗan gangare ta gefe don ruwa ya sauka. A Kintampo, da na karya sitiyari har ƙarshe zan fita daga gidan mai, na ji wani gurzo a ƙasa, shuuu, kamar an ja buhu a siminti. Shi ma na share. Sai ga yatsu uku a Buipe.

Abin da na yi a nan, ba na alfahari da shi. Na juya kan yaron nan a gaban yayarsa, a gaban 'ya'yana, a gaban masu kifi, na wanke shi tas. Na ce shekara uku ana ciyar da kai ana biya maka kuɗin koyo, taya biyu ka kasa daidaitawa, so kake ka kashe mu a hanya? Bai ce uffan ba. "Yi haƙuri, Yaya," shi ke nan. Daga Buipe zuwa mahaɗar Fulfulso, zuwa gadar Farin Volta a Yapei, har muka shiga Tamale, motar shiru kamar gidan makoki. Ban wuce gudun 60 ba.

Wanda bai taɓa zuwa Tamale ba, abu na farko da zai buge shi shi ne babura. Gari ne shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari, kuma kowa a kan ƙafa biyu yake: malami da babbar riga, ma'aikaciyar asibiti da fararen kaya, uwa da goyo a baya da ɗan makaranta a gaba. Mata suna tuƙa babur a nan ba wanda ya ɗaga kai ya kalle su. Ga kekuna, ga a-daidaita-sahu da suke kira yalo-yalo, ga masu ƙafa uku na ɗaukar kaya. Yawancinsu kuma ta gefen damanka suke bi, tunda Ghana ta koma tuƙin hannun dama tun 1974, shekara biyu bayan Najeriya. To ka ga motar da ke ja zuwa dama a irin wannan gari, kan mutane take ja. A lokacin ne tsoro na gaske ya shige ni. Muka bi ta gefen gadar saman nan da aka buɗe a watan Maris na 2022, irinta ta farko a arewacin ƙasar, yara suna ta leƙe, ni kuwa hannuna biyu na kan sitiyari.

A Zangon Hausawa muka sauka, gidan kawun uwargida. Dattijo ne da ya haura tamanin, irin waɗanda in ka tambaye su hanyar kasuwa sai sun fara daga kakanninsu. Da daddare, bayan an ci tuwo, ya ba ni labarin yadda nasu suka zo. Fataken Gwanja ne, masu kai kanwa da tufafi da fatu Salga su sayo goro. Da yaƙin basasar Salga ya tashi a 1892 kasuwar ta watse, wasu suka yi Karaci, wasu Yeji, wasu Kintampo. Nasu sun yi yawo kafin su zauna a Tamale, bayan da Turawan Ingila suka mai da ita hedikwatar mulkinsu ta arewa a 1907. Garin na Dagwamba ne, babban sarkinsu Ya-Na yana Yandi, amma Hausa ta daɗe da samun wurin zama a kasuwa da masallaci. Ko kalmar da suke tarbar baƙo da ita, amaraba, kai ma ka san daga ina ta fito.

Da na ba shi labarin taya, ya ce a zamanin jakuna, madugu ba ya dukan jakin da ke karkata sai ya fara duba mangala. Na gane inda ya dosa, na yi kamar ban gane ba. Ya kwatanta mini wani tsohon makanike a Industiriyal Eriya, can wajen Lamashegu, ya ce in je da sassafe, kuma in tafi da yaron.

Unguwar makanikai ce da masu walda da masu fenti, irin Magazin ta Suame a Kumasi amma ƙarama ƙwarai. Ƙasa ta yi baƙi da tsohon man inji, ƙurar hunturu kuma ta bi ta lulluɓe komai da ja. A Ghana makanike fita ake ce masa, maigidan gareji kuma masta. Wannan Masta Badagwambe ne, siriri, da furfura, da tabarau ɗaure da zare. Na gaishe shi da "dasiba" da na koya a daren, ya amsa "naa", sannan ya juye zuwa Hausar zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji.

Na fara zuba: an sa sababbin kaya, an yi alaimin, yaron nan ne ya ɓata. Ya ɗaga hannu.

"Alhaji, ba mu san wanda ya ɓata ba tukuna. Mu tambayi mota."

Ban taɓa ganin mai aiki da rashin gaggawa irinsa ba. Bai taɓa sifana ba sai bayan kusan awa guda. Ya sa aka fitar da duk kayan da ke but, aka kai motar kan wani daɓen siminti da ya ce shi kaɗai ne ya yarda da shi a duk wurin, don a karkatacciyar ƙasa kowace mota gurguwa ce. Ya daidaita iskar tayoyi huɗu. Ya danna gaban motar sau uku ya saki, ya sa aka tura ta gaba kaɗan, sitiyari a miƙe. Sannan ya ciro tef ɗin awo daga aljihu.

Farko ya auna tsayi, daga tsakiyar taya zuwa bakin fenda na sama, hagu da dama. Daidai suke. Ya ce to sifirin da shokazoba sun fita daga zargi ta wannan fuska, mota ba ta kwanta gefe guda ba. Sai ya ce yatsun da na zura ba hujja ba ne, alama ce kawai, don fenda gwangwani ne: in an taɓa buge shi an gyara, zai iya nuna maka ƙarya alhali taya tana wurinta. Abin da ba ya ƙarya shi ne tazarar da ke tsakanin cibiyar tayar gaba da cibiyar tayar baya. Wannan Corolla, in ji shi, santimita 260 ce daga kamfani. Ya miƙa wa yaron bakin tef ya ce riƙe. Hagu: 260. Dama: 258 da 'yan ɗigo.

Na ce shi ke nan, an gama, gaba ce ta ja baya. Ya ce a'a, wa ya gaya maka ba bayan ce ta matso gaba ba? Ya kwanta a ƙasa, ya nemo wani rami a cesis wanda akwai ɗan'uwansa a ɗaya gefen, ya auna daga nan zuwa cibiyar tayar baya. Hagu da dama suka zo ɗaya. Ya auna daga ramin zuwa tayar gaba, sai ga gibin ya fito a dama. Yanzu kam, ya ce, mun san wace taya ce. Saura mu san me ya ja ta.

Aka hau da motar kan rami. Ya kira yaron suka shiga tare, ni ma na tattare riga na bi su, don ban yarda a yi shari'ar ba ni ba. Ya haska tocila a kan kurosmemba, gadon ƙarfen da lowa-am biyu da akwatin sitiyari ke ɗaure a kansa. Ya ce ramukan kusoshinsa suna da ɗan sarari, in makanike ya sassauta shi bai mayar da shi inda ya same shi ba, gefe guda zai yi gaba ɗaya ya yi baya, kuma wannan ne ya fi yawa a cikin irin matsalar da ake kawo masa bayan an sauya kaya. Yadda ake ganewa: in ya gusa, za ka ga wani ɗan jinjirin wata mai haske a gefen kan kusa, inda ƙarfe ya fito daga ƙarƙashin tsohuwar ƙura. Ya duba huɗun duka. Tsatsa da jar ƙasa sun zagaye kowanne ba tsaga.

"Ka kwance wannan?" ya tambayi yaron.

"A'a, Masta. Ban taɓa shi ba."

"Na gani."

Ya leƙa saman shokazoba ta cikin bonet, ya ce an zaunar da su daidai. Ya tambaye shi a wane hali ya ɗaure kusoshin robobi, mota na rataye a jak ko tana tsaye kan ƙafafunta? Yaron ya ce sai da ya sauke ta nauyinta ya zauna sannan ya yi ɗaurin ƙarshe. Masta ya dube ni ta saman tabarau, ya ce mutane da yawa da suka shekara goma a sana'ar ba sa yin haka, su ɗaure roba tana rataye, a sauke mota ta murɗe, wata shida ta tsage. Ban ce komai ba.

Sai ya ƙirga zaren tayarod da ke waje, hagu da dama. Na dama bai kai na hagu ba, da bambanci mai yawa. Ya ce ga sawun mai alaimin: ya tarar da taya ta kauce, ya murɗa tayarod har ta kalli gaba, sitiyari ya miƙe, ya karɓi kuɗinsa. A irin wannan mota abin da ake iya murɗawa ke nan, inda taya ke kallo. Inda take zaune, gaba ko baya, ba shi da abin murɗawa, ƙarfe ne ke yanke hukunci. In ya kauce, to wani abu ya lanƙwashe ko ba nata ba ne.

Na tambaye shi me ya sa take ja dama. Ya fito daga rami, ya jawo keken wani almajirinsa. Ya nuna mini fok, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe tayar gaba, yadda ƙasansa ya yi gaba samansa ya kwanta baya. Wannan kwanciyar, in ji shi, ita ke sa keke ya miƙe da kansa har yaro ya saki hannu. Keken da ya daki bango fok ɗinsa ya koma baya, ba ya sakuwa. Mota ma kowace tayar gaba tana da irin wannan kwanciyar, kasta suke ce mata. In ƙasan taya ɗaya ya ja baya, nata ya ragu, mota sai ta riƙa bin wannan gefen. Gurzon da na ji a Kintampo kuwa taya ce ke shafar robar cikin fenda, ya nuna mini wurin, ya yi sumul yana sheƙi.

Saura lowa-am. Ya shafa na hagu, ya shafa na dama, ya daɗe a kan na dama. Ya ce a kwance shi. Sannan ya yi tambayar da ta juya ranar: ina tsofaffin?

A Kumasi, ranar da za mu taso, na tarar da wani buhu mai nauyi a but, na ce wane shirme ne wannan, a ba 'yan kwandem, masu sayen tsohon ƙarfe. Yaron ya ce a bar shi, maigidansa ya koya masa ba a rabuwa da tsohon kaya sai sabo ya yi tafiya. Na yi tsaki na ƙyale shi don ba ni da lokacin gardama. Buhun nan ne yanzu yake jingine da bango cikin kayan da aka sauke.

Masta ya ɗora wanda aka kwance a kan tsohon na dama, ya zura sandar ƙarfe ta ramin robar gaba ta ratsa su biyun, ya daidaita ta baya. Ramuka ukun da bol-joyin ke zama a kansu ya kamata su hau kan juna. Ba su hau ba. Na saman ya kauce baya da kusan faɗin babban yatsa, ya kuma ɗan shige ciki. Ya ɗauko wuƙa ya kankare baƙin fentin da ke gwiwar ƙarfen. A ƙarƙashi ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi da ƙananan ƙuraje, alamar wuta. Daga motar da ta yi hatsari aka ciro shi, aka gasa, aka buga ya miƙe a ido, aka shafa fenti.

"Wa ya sayo wannan?"

Jama'a, ni na sayo. Mai shagon yana da sabo na hagu, na dama ya ce sai bayan kwana biyu, amma ga wani hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, mai kyau kamar sabo, a rabin kuɗi. Na ga yana ƙyalli, na lissafa ribar, na karɓa. Kuma a tsaye a bakin ramin nan na tuna wani abu da na so in manta. Daren da ake ɗaurawa, yaron ya leƙo falo ya ce, "Yaya, na daman nan ba ya son shiga, sai na sa ƙarfe na banƙara." Na ce masa banƙara mana, jibi za mu tafi.

Masta bai yi mini wa'azi ba, Allah ya saka masa. Ya ce ƙarfen da aka gasa ba ya komawa yadda yake, kuma wanda ya lanƙwashe sau ɗaya a ramin Kintampo na gaba zai iya ƙarasawa. Yaron ma bai tsira gaba ɗaya ba: ya ce masa daga yau duk kayan da aka miƙo maka, sabo ko tsoho, ɗora shi kan wanda ka cire kafin ka ɗaura, in bai hau ba ka ajiye sifana, ko wa ya ce ka banƙara. Ya faɗi "ko wa" ɗin da ɗan ƙarfi.

Na ce a yi waya Kumasi a sako sabo a motar dare, in tura kuɗi ta MoMo. Ya juya tsohon lowa-am a hannunsa ya ce don me? Wannan na kamfani ne, tun daga haihuwar motar, a miƙe yake. Robarsa ce ta mutu, ƙarfen lafiya lau. A sayo roba mai kyau a matsa masa. Ya aiki yaron da almajirinsa a babur, ya ce kada su karɓi mai arha.

Kafin su dawo na taka zuwa bakin titi na zauna wajen wata mai abinci. Abin dariya, wasu daga cikin abincin Ghana sunan Hausa gare su: wace daga wake, koko, ƙosai da suke ce wa kose, ga tuwon zafi da suka taƙaita zuwa TZ. Na ci nawa da miyar ayoyo. Daga nan na hau yalo-yalo zuwa kasuwar Aboabo, inda dama nake da abokan ciniki. Buhunan gyaɗa da masara da waken suya jibge, man kaɗe a ƙorai da robobi, doya an tara ta kamar katanga. Shekaru ina sayen kaya daga wannan kasuwa, ba na karɓar buhu sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke tsakiya, don na san ana zuba mai kyau a sama. Wani dillali da muka saba ya tambaye ni me ya same ni na yi shiru. Na ce gajiyar hanya ce.

Da la'asar na koma. Masta ya sa yaron ne ya matsa robar da kansa a injin matsi, yana tsaye a kansa. Robar baya tana da wasu ramuka biyu a jikinta, kuma akwai fuskar da dole su kalla. Ya sa ya yi wa ƙarfen alama da alli kafin a fitar da tsohuwar, don sabuwar ta zauna yadda waccan ta zauna. Da aka zo ɗaurawa, kusoshi suka shige da hannu, ba banƙara ba guduma. Aka sauke mota, aka yi ɗaurin ƙarshe tana tsaye. Tef ya dawo. Hagu 260, dama 260. Aka kai ta alaimin aka warware abin da aka murɗa, zaren tayarod biyu suka dawo kusan ɗaya.

Masta ya ce a gwada ta a hanyar Savelugu, inda titi ya miƙe. Na ciro makulli, na tsaya, sannan na miƙa wa yaron. Ya kalle ni, don ban taɓa ba shi tuƙin motar nan a babban titi ba. Muka wuce mahaɗar filin jirgi, ya ɗan sassauta hannu, mota ta tafi abinta ba ta nemi kowa ba. A nan na ce masa abin da na faɗa a Buipe ban kyauta ba, kuma tunda a gaban yayarsa na faɗa, a gabanta zan janye. Ya ce, "Ba komai, Yaya," idonsa na kan hanya. Da daddare na cika alkawari a tsakar gidan biki, kawu yana zaune a tabarmarsa yana jan carbi kamar ba ya ji.

Washegari aka ɗaura aure, masu gangunan Dagwamba suka cika layin, uwargida ta yi rawa har ɗankwali ya faɗi. Ranar da za mu juya na biya garejin don yin sallama. Na tarar wani ɗan kwandem ya tsaya da kurarsa yana taya lanƙwasasshen lowa-am ɗin nan. Masta ya ce ya dakata. Ya kira mai walda na kusa, ya sa aka yanka shi gida biyu a daidai gwiwa, sannan ya jefa guntayen cikin kurar.